Gwangwanin Beyar: Kuskuren Da Na Yi, Da Yadda Za Ka Zaɓi Naka



Ka taɓa sayen kaya a intanet don kawai ka ga taurari biyar a ƙarƙashinsa, sai da ya iso hannunka ka gane ba shi ne maganin matsalarka ba? To ni ma ya faru da ni, a kan wani abu da yawancinmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba. Kuma asarar ba ta tsaya a aljihuna ba. Ka daure ka karanta har ƙarshe, musamman in kana zaune a Amurka ko Kanada, ko kana da niyyar zuwa karatu ko aiki can. Wata rana abokai za su ce maka ku je daji ku kwana, ka ga gara ka sani tun yanzu.

Ina aiki a jihar Kalifoniya. Mutanen can suna da wata al'ada da ta ba ni mamaki da farko: mutum yana da gida da gado mai laushi, amma sai ya ɗauki babbar jakar goyo, ya zuba tanti da bargo da abincin kwana uku ko biyar, ya shiga cikin duwatsu da ƙafa, inda babu shago, babu wuta, babu sabis ɗin waya. Wani abokin aikina ya dame ni har na yarda mu je gandun dajin Yosemiti, mu yi kwana huɗu. Muka nemi takardar izinin kwana a daji ta shafin Recreation.gov, muka samu. Za mu tashi daga Tuolumne Meadows, wani fili mai tsayin kusan mita 2,600 daga teku, mu bi kwarin Lyell, a kan hanyar ƙafa da ake kira John Muir Trail.

A jikin takardar an rubuta cewa dole ne mu adana abincinmu a cikin mazubin da beyar ba zai iya buɗewa ba.

Mene ne gwangwanin beyar?

Ka ɗauka ƙaramar ganga ce, tsayinta kamar na bokitin fenti, faɗinta kusan santimita 22. Ina ce masa gwangwani ne saboda siffarsa, amma yawanci da roba mai tauri sosai ake yin sa. Jikinsa sumul yake, babu mariƙi, babu kunne. Da gangan aka yi haka. Faɗinsa ya fi ƙarfin bakin beyar, don haka ba zai iya cizonsa ya ɗauka ba, kuma farcensa ba ya samun inda zai kama. Murfin kuwa sai an yi wata dabara da ɗan yatsa ko da kwabo kafin ya buɗe.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba: gwangwanin ba ya ɓoye ƙamshi. Beyar yana jin ƙamshin abincinka sarai, kuma zai zo. Zai mirgina gwangwanin, ya taka shi, ya cije shi, ya gaji, ya tafi da yunwarsa. In ya yi haka sau da yawa bai samu komai ba, sai ya koyi cewa wurin mutane ɓata lokaci ne. Aikin gwangwanin kenan.

A Yosemiti akwai baƙin beyar tsakanin 300 zuwa 500. Babban nan mai suna girizili, wanda hotonsa ke kan tutar Kalifoniya, ya ƙare a jihar tun shekarun 1920. A da masu yawo suna rataye abinci a reshen itace da igiya. Dabbobin suka gano dabarar, suna hawa su karya reshen ko su tsinke igiyar. Yanzu rataye abinci laifi ne a gandun. A shekarar 1998 kaɗai an samu rahoto sama da 1,500 na beyar ya fasa mota ko ya ƙwace abinci ko ya lalata kaya. Bayan an tsananta dokar adana abinci, adadin ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari.

Inda na fara kuskure

Na ɗauko wayata, na buɗe shagon intanet, na fara dubawa. Duk gwangwanin da na gani sai ya kai kilo ɗaya ko fiye, alhali babu komai a cikinsa. Na ce kai, ga tanti, ga ruwa, ga tudu, sannan in ƙara kilo guda na roba? Can sai na ga wata jaka mai suna Ursack. Da wani zare mai ƙarfin gaske aka saƙa ta, nauyinta bai kai rabin na gwangwani ba, tana naɗewa kamar riga. Taurarinta sun cika, kuma an rubuta cewa ta samu shaidar IGBC. Ban yi wata-wata ba na saya.

Shaidar gaskiya ce, babu ƙarya a ciki. IGBC kwamiti ne na haɗin gwiwar hukumomin Amurka da aka kafa a 1983 domin kare beyar girizili. Yadda suke gwada kaya zai burge ka. A garin West Yellowstone da ke jihar Montana akwai wata cibiya da ake ajiye girizili. Sai a zuba abinci mai ƙamshi a cikin mazubin, a rufe, a jefa musu. In dabbobin suka yi minti 60 suna fama da shi bai buɗe ba, ya ci jarrabawa.

Amma wasu gandayen daji suna da nasu jerin mazuban da suka amince da su, kuma Yosemiti ba ta karɓar wannan jaka. Laifin nawa ne, don jerin yana nan a shafin gandun, kyauta, minti biyu ya isa in karanta. Na karanta ra'ayin mutum ɗari da suka yi yawo a wasu dazuzzuka, ban karanta dokar dajin da zan shiga ba.

Da muka isa ofishin karɓar izini, ma'aikaciyar ta ce mu nuna mata mazubinmu. Na zaro jakata ina alfahari. Ta yi murmushi ta ce ba a nan ba. Ta ce suna ba da hayar gwangwani a kuɗi kaɗan, sai dai ka bar kuɗin ajiya. Ta tambayi kwana nawa za mu yi, muka faɗa. Ta ce mu biyu ne, gara mu ɗauki biyu.

Na ɗaga guda na ji nauyinsa. Na ce ɗaya ya ishe mu. Kuskure na biyu kenan, kuma shi ne babba.

Daren farko

A bakin mota muka fara cusa abinci. Shinkafa mai saurin dahuwa, taliya, gyaɗa, madarar gari, shayi, biskit, duk a cikin kwalayensu da ledojinsu na shago masu cike da iska. Gwangwanin ya cika fal. Abin da ya rage a waje: man goge baki, dabino, da wata leda ta dambun nama da na kwana biyu ina haɗawa da hannuna don wannan tafiya. Abokina ya ce, "Mutumina, mu bar shi a akwatin ƙarfen nan na bakin hanya, mu ɗauka in mun dawo." Akwai irin waɗannan akwatuna a wurin ajiye motoci, don ko a cikin mota ba a yarda ka bar abinci ya kwana ba. Na ce dambun nawa? Ai ba zai yiwu ba. Na naɗe shi a leda uku, na tura shi can ƙasan jakata, na ce babu hancin da zai ji wannan.

Muka yi tafiyar wuni. Wurin yana da kyau ƙwarai, kogi na gudu a tsakiyar ciyawa, duwatsu farare a kowane gefe. Da yamma muka kafa tanti, muka ci abinci, muka kai gwangwanin nesa kamar yadda aka ce. Jakata kuwa na jingine ta a gindin wani itace kusa da tanti.

Wajen ƙarfe biyun dare na ji wani huci, kamar na babban sa. Sai ƙarar yadi yana yagewa. Wallahi jikina ya mutu. Na kunna fitilar waya na leƙa. Ga shi nan, bai fi taku goma ba, kansa a cikin jakata, da wata alamar roba mai lamba a kunnensa. Muka yi abin da aka koya mana a ofis, muka yi ta ihu muna buga tukunya. Ya ɗago ya dube mu, babu alamar tsoro a tare da shi, ya ɗauki ledar a bakinsa ya shige duhu.

Da gari ya waye muka tarar da gwangwanin ya yi nisa da inda muka ajiye shi, a kwance, jikinsa da sawun haƙora da yawu. Amma a rufe yake gam. Ko ƙwayar gyaɗa ba ta fita ba. Abin da na raina ya yi aikinsa. Abin da na ɓoye da wayona shi aka tafi da shi. Muka bi ciyawa muna tsintar guntayen leda, na ɗaure jakar da igiya, muka juyo. Tafiyar kwana huɗu ta ƙare a kwana ɗaya.

Na kai rahoto, don dole ne. An rubuta min tara, na biya. Dokar ta ba su damar cin mutum har dala 5,000 a kan wannan laifi. Amma ba kuɗin ne ya tsaya min a rai ba. Ma'aikacin da ya karɓi rahoton ya tambaye ni lambar da ke kunnen dabbar, ya rubuta, sannan ya yi min bayani a hankali. Beyar da ya ɗanɗana abincin mutane ba ya mantawa. Kafin sanyi ya shigo, yana neman abin da ya kai kalori 20,000 a rana, kuma leda ɗaya ta nama da dabino ta fi masa wuni guda yana tonon tururuwa. Gobe zai koma wani tanti. Jibi zai ƙara matsowa kusa da mutane. In ya kai matakin da ya zama haɗari, ƙarshensa kisa ne. Uwa kuma tana koya wa 'ya'yanta abin da ta iya.

Ka gane? Na ɗauka gwangwanin don kare abincina ne. Ashe rabin aikinsa kare ran dabbar ne, da kuma mutumin da zai kwana a wurin bayan na tafi.

Yadda za ka zaɓi naka

Bayan wannan na koma daji sau da yawa, kuma ga tsarin da nake bi. Ka bi shi a jere, don jerin yana da muhimmanci.

1. Fara da dokar wurin. Kafin ka buɗe kowane shago, shiga shafin gandun da za ka je, ka nemo jerin mazuban da suka amince da su. Ka ɗauki hoton allon ka ajiye a wayarka. In gandun ƙasa ne na Amurka, ka sauke manhajar NPS, tana ba ka damar ajiye bayanan gandun don ka duba ba tare da data ba. A cikin duwatsun nan sabis ba ya kamawa.

Ga misalin da zai nuna maka dalilin da ya sa doka take bambanta. A duwatsun Adirondack na jihar New York an yi wata macen beyar da ake kira Yellow-Yellow, saboda alamomi biyu masu ruwan ɗorawa da ke kunnuwanta. Ba ta da girma sosai, amma ta koyi buɗe gwangwanin BearVault. Tana danna makullin murfin da haƙori, ta murɗa. Kamfanin ya sake fasalin murfin ya ƙara makulli na biyu, ta sake buɗewa. Labarinta ya fito a jaridar New York Times a 2009, kuma wani mafarauci ya harbe ta a 2012. Wannan gwangwani yana aiki lafiya a Yosemiti, amma a wancan yanki hukuma tana gargaɗin mutane a kan irinsa. Kai da ka saba da harkar waya ka san wannan: makullin da ya ci gwaji a ɗakin bincike daban, wanda ya haɗu da ɓarawon unguwarku daban.

2. Auna abincinka. Ƙiyasin da masu yawo ke amfani da shi shi ne kusan lita 1.6 ga mutum ɗaya a rana, in an matse abincin da kyau. Abincin ranar farko ba sai ya shiga ba, tunda za ka cinye shi kafin dare. Buɗe kalkuletar wayarka. Mu biyu, kwana uku bayan ranar farko, shida kenan, sau 1.6, lita 9.6. Gwangwanin da muka karɓa lita 10 ne. Ka ga a takarda kamar ya isa, amma ban lissafa sauran kaya ba.

3. Lissafa duk abin da ke da ƙamshi. A wurin beyar abinci ba abin da ake ci kaɗai ba ne. Man goge baki, sabulu, man shafawa, man leɓe, turare, maganin sauro, cingam, da sharar da ka tara, duk sai sun shiga ciki. Ka ware musu aƙalla lita ɗaya. In lissafi ya zo daf da bakin gwangwani, ka ɗauki na gaba da shi, ko ku ɗauki biyu.

4. Sai yanzu ka duba iri da nauyi da kuɗi. Guda uku ne za ka fi gani.

Garcia shi ne baƙin nan da ake yawan bayarwa haya. Yana ɗaukar kusan lita 10, nauyinsa kusan kilo 1.2. Da kwabo ko wani siririn ƙarfe ake murɗa makullansa. Yana da ƙarfi kuma ya daɗe ana amfani da shi. Matsalarsa bakinsa ƙarami ne, kuma ba ka ganin abin da ke ciki, sai ka zura hannu kana lalube.

BearVault garau yake, kana ganin komai daga waje, bakinsa yana da faɗi, kuma ba ya buƙatar kwabo. Babban, BV500, lita 11.5 ne, abincin mutum ɗaya na kusan mako guda. BV450 kuwa lita 7.2 ne, na kusan kwana huɗu. Da sanyin asuba, yatsu sun ƙage, danna makullinsa yana ba da wahala. Gefen tsohon katin banki yana taimakawa.

Bearikade da zaren kabon ake yin sa, shi ya sa ya fi sauran rashin nauyi. Wanda ke ɗaukar sama da lita 10 bai kai kilo ɗaya ba. Amma kuɗinsa ya ninka na sauran sau uku ko fiye. Na masu doguwar tafiya ne, waɗanda kowane giram yake damunsu.

5. In karon farko ne, kar ka saya, ka yi haya. Wataƙila ka je sau ɗaya ka ce kai da daji har abada. In kuma ka ji daɗi, ka riga ka san girman da ya dace da kai.

6. Gwada a gida. Kwana biyu kafin tafiya, ka cire komai daga kwalinsa, ka zuba a ledoji masu zif, ka matse iskar. Abincin ranar ƙarshe a ƙasa, na gobe a sama. Ka rufe murfin ka ga ya zauna. Sannan ka saka gwangwanin a cikin jakarka, a tsakiya, kusa da bayanka, ka goya ka zaga gida. Wata jakar ba ta ɗaukarsa a kwance, sai a tsaye. Da na yi wannan gwaji, da dambuna ya shiga, don rabin abin da ya cika gwangwaninmu iska ce da kwali.

In ka isa daji

Ka ajiye shi a ƙasa, a wuri mai shimfiɗa, nesa da tanti. Wasu gandayen suna cewa ƙafa 100, kusan mita 30 kenan, wasu ƙasa da haka, sai ka bi na wurin. Kar ka ajiye shi kusa da kogi ko bakin rami, don beyar zai mirgina shi, in ya faɗa ruwa ka yi sallama da abincinka. Kar ka ɗaura masa igiya, ka ba dabbar abin ja kenan. Ka ɗora tukunyarka a kai, in an taɓa za ka ji ƙara. Ka manna masa tef mai ƙyalli don ka same shi da fitila. Ka riƙa rufe shi ko da rana, ko da ruwa kawai za ka je ɗebowa. Jakarka kuma ka fitar da komai, ka bar zif ɗinta a buɗe, in ya zo ya shinshina ya wuce ba sai ya yaga ba. In ya riga ya ɗauki abinci, kar ka bi shi ka ce za ka ƙwace. Kuma in Garcia ne, don Allah kar ka kulle kwabonka a ciki.

Yana da wani amfani da ba a rubuta a jikin kwalinsa ba: kujera ce mai kyau a bakin tanti.

Yanzu ina da nawa gwangwanin, mai lita 11.5. Har yau in na goya shi a kan tudu ina jin nauyinsa, ina ƙorafi a raina. Amma na daina neman hanyar rage wannan kilo guda. Duk lokacin da na koma Yosemiti nakan tuna lambar da na gani a kunnen dabbar nan cikin hasken waya, da yadda ma'aikacin ya rubuta ta a littafinsa saboda ledar da ni na ɓoye.

Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka duba dokar wurin, ka auna abincinka, ka gwada a gida, sannan ka biya kuɗi. In kana da ɗan'uwa ko aboki a can da ke shirin irin wannan tafiya, ka tura masa ya karanta kafin ya danna maɓallin saye.